Golf da Buhun Masara: Yadda Ƙananan Motoci Suka Gaji Aikin Manya

 

Ranka ya daɗe shugaban wannan zama, malamaina, shugabannin direbobi da na 'yan kasuwa, jami'an kiyaye haɗurra, ɗalibai, 'yan uwa maza da mata.

An nemi in yi magana a kan sufurin kaya a Arewa. Da zan bi al'ada, da sai in ɗauko zancen tireloli da layin dogo. Amma na zaɓi wata mota da kowa a ɗakin nan ya sani, wadda ba a cika saka ta cikin lissafin gwamnati ba, alhali ita ke fito da abincinmu daga ƙauye. Ina nufin Golf, da 'yan uwanta irin su Sharon da tsofaffin Fijo masu dogon baya.

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya lokacin tumatirin rani, ya wuce ta Kwanar Gafan, ya ga abin da nake faɗa. Haka wanda ya je Maigatari ranar Alhamis ko Wudil ranar Juma'a. An cire kujerar baya, an cusa buhuna har rufi, but a buɗe an ɗaure shi da igiya, an jera kwanduna a sama. Bayan motar ya kusa sharar ƙasa, gabanta ya ɗaga. A kujerar gaba mutum biyu ne, wani lokaci har da na uku da ya raba kujera da direba. Mu 'yan boko idan muka wuce su sai mu girgiza kai mu ce jahilci. Ni ban yarda jahilci ba ne. Lissafi ne na wanda ya san kasuwa sarai, sai dai lissafin yana cin rayuka.

Dalili na farko da ya kawo mu nan yana cikin tarihi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930. Amma an shimfiɗa dogon ne don kwashe gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku. Tsakanin gona da tasha kuwa jaki ne da raƙumi da kan ɗan Adam. Daga baya manyan motoci masu bodin katako suka shigo, sannan a-kori-kura ta Fijo, wadda ita ce ainihin motar da aka ƙera don ƙaramin kaya. Kamfanin Fijo ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975. A Kano an yi kamfanin haɗa manyan motocin Fiat, a Bauchi an yi na Steyr. A wancan zamani ɗan kasuwa mai matsakaicin ƙarfi yana iya yankar sabuwar a-kori-kura.

Daga 1986, da gwamnatin Janar Babangida ta shigo da tsarin gyaran tattalin arziki na SAP, darajar naira ta zube, sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka. Masana'antun suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya cike gurbin shi ne motocin da Turai ta gama yayinsu, waɗanda ake saukewa a Kwatano. To, Bature ma'aikaci ba a-kori-kura yake hawa ba. Golf yake hawa, ita ce ta cika titunan Jamus, don haka ita ce ta cika kasuwar 'yan Kwatano, kayan gyaranta kuma suka cika Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Ba don Golf ta dace da ɗaukar buhu aka zaɓe ta ba, ita aka samu da arha, kuma kowane bakanike a gindin bishiya ya san cikinta.

Akwai dalili na biyu da ba a cika lura da shi ba. Shekaru da dama gwamnati tana biyan tallafi a kan fetur bayan ta riga ta sakar wa dizal mara. Babbar mota dizal take sha, Golf fetur. Ke nan da kuɗin ƙasa muka yi ta ƙarfafa ɗora kaya a kan motar fasinja, ba tare da kowa ya zauna ya tsara haka ba. An janye tallafin ranar 29 ga Mayu, 2023, amma Golf ba ta sauke kaya ba. Direban da kuɗin mai ya ninka masa, ga balas da zai kai wa mai mota da yamma, me kuke tsammani zai yi in ba ƙara lodi ba?

Dalili na uku shi ne mafi girma, kuma a nan nake son masana tattalin arziki su saurare ni da kyau. Tirela tana ɗaukar tan 30, wato buhun taki 600. Manominmu ba shi da tan 30. Yana da buhu takwas na masara, ko kwando goma sha biyu na tumatir, ko awaki huɗu. Mai kanti a ƙauye da ya zo sari kasuwar Singa yana da katan ashirin. Idan suka ce sai babbar mota, sai su jira ta cika, kuma cikarta na iya cin yini biyu. Masara za ta iya jira. Tumatir ba ya jira, kasuwar mako ma ba ta jira: wanda ya isa bayan la'asar ya tarar da masu saye sun watse, sai wani makon. Golf tana cika da kayan mutum biyu, ta tashi nan take, ta yi sawu biyu ko uku kafin rana ta faɗi. Tana shiga burtalin da tirela ba za ta iya juyawa ba. Mai kaya yana zaune kusa da kayansa, ya sayar da hannunsa, ya karɓi kuɗinsa, ba sai ya ba wani amana ba. Wanda bai fahimci wannan ba, duk dokar da zai rubuta a kan lodi a kan takarda za ta tsaya.

Na san wasu za su ce ai da irin waɗannan motoci ake fasa-ƙwauri, musamman lokacin da aka rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, shinkafa na shigowa, fetur na fita. Gaskiya ne, amma wannan ɓangare ne ƙarami. Mafi yawan abin da ke cikin Golf halal ne: hatsi, albasa, barkono, rake, kaji.

Yanzu bari in juyo kan direbobi, don ban zo nan in wanke kowa ba.

Golf ta biyu, wadda aka ƙera daga 1983 zuwa 1992, nauyinta ba ta da kaya kusan tan ɗaya ne. Abin da masu ƙera ta suka yarda ta ɗauka kusan rabin tan ne, kuma a cikin rabin tan ɗin har da direba da fasinja. Buhun masara kilo 100 ne. Direba da mai kaya da buhu uku, an kusa kaiwa iyaka. Idan aka ɗora buhu goma an ɗora tan guda, motar tana ɗauke da kwatankwacin nauyin kanta. Birkin da aka auna don tsayar da mota ɗaya an ce ya tsayar da biyu. Birki da gogayya yake aiki, gogayya tana haifar da zafi, kuma idan zafin ya wuce kima a gangara sai ka taka ka ji ba ya kamawa. Sai a ce birki ya tsinke, Allah Ya kawo tsautsayi. Mun yi imani da ƙaddara, amma wannan tun a tasha aka ɗora shi da igiya.

Abu na biyu, Golf da ƙafafun gaba take ja, da su take juyawa, kuma su ke ɗaukar mafi yawan aikin birki. Duk buhun da ya leƙo ta bayan but ɗaga gaban motar yake yi. Tayoyin gaba sai su rage riƙe kwalta, sitiyari ya yi sakayau a hannu, fitilun gaba su bar titi su koma idon mai tahowa. Na san dabarar da ake yi: a je wurin bakanike a ƙara sifirin, a ɗaga bayan mota, har idan ba kaya ka gan ta kamar za ta yi sujada. Ƙarin sifirin yana hana motar sharar ƙasa ne kawai. Bai ƙara wa birki ƙarfi ba, bai ƙara wa taya ba. Kowace taya akwai lambar nauyi a jikinta. Idan ka ga 82 bayan lambobin girmanta, ma'anarsa kilo 475, ba ƙari. Akwai kuma lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Yawancin tayoyin da ke ƙarƙashin waɗannan motoci 'yan Kwatano ne da suka tsufa tun kafin su iso, ga zafin kwaltar watan Afrilu. Ina roƙon kowane direba a nan, idan an tashi, ya durƙusa ya karanta tayarsa.

Sai dai akwai laifin da ake ɗora wa ƙananan motoci wanda ba nasu ba ne. Ana cewa su ke lalata titi. Gwajin da aka yi a jihar Ilinoi ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan nauyin da ke kan ƙafar mota ya ninka sau biyu, ɓarnar da take yi wa titi tana ninkawa kusan sau goma sha shida. A wannan ma'auni, tirela ɗaya da aka yi wa lodin wuce kima ta fi dubban Golf fasa kwalta. Ɓarnar Golf a kan mutane take, kuma mafi muni idan aka haɗa mutum da kaya. Buhun da ke bayan wuyan fasinja ba ya tsayawa don mota ta tsaya. Da gudun da motar take yi zai taho gaba. Ga kuma masu jera jarkokin fetur a cikin mota ɗaya da mata da yara. Wannan babu uzurin talauci da zai halatta shi.

Wasu ƙasashe sun fuskanci irin buƙatarmu, suka amsa ta da ƙira. A Faransa, Citroën 2CV da ta fito a 1948 an zana ta ne da manomi a rai, ya ɗauki iyalinsa da ɗan kayan gona a kan hanyar ƙauye. A Japan akwai ƙananan motocin kaya masu injin da bai wuce cc 660 ba, waɗanda doka ta ƙayyade musu kilo 350. Su ne irin Hijet da muke kira kurkura, kuma mu ma mun san yadda muke zarce musu iyaka. A Indiya kamfanin Tata ya fito da Ace a 2005, 'yar ƙaramar motar kaya mai ɗaukar kusan kilo 750, don cike gurbin da ke tsakanin keke mai ƙafa uku da babbar mota. Gurbin nan shi ne a buɗe a wurinmu tun da a-kori-kura ta ƙare. Muna da babur, muna da tirela, tsakani kuwa sai 'yan Kanta da kurkura da ba su wadata ba.

Saboda haka ban ga amfanin kame da tara su kaɗai ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tun 1988 take, kuma lodin wuce kima laifi ne a dokarta, amma ga motocin nan suna wucewa kullum. Tarar da aka ci direba yau, gobe zai ƙara buhu biyu ya mayar da ita. Abin da direba ke bayarwa a shingayen hanya ma a kan kaya yake fanshewa.

Jihohinmu sun sha raba babura da adaidaita sahu a kan bashi. Me zai hana a yi haka da ƙananan motocin kaya masu ɗaukar tan ɗaya zuwa biyu, ta hannun ƙungiyoyin direbobi da na manoma, a biya kaɗan-kaɗan, a sauƙaƙa musu kuɗin fito, a fara da direban da ya shekara goma yana jigilar kasuwar ƙauye da Golf? Ya san hanya, ya san masu kaya, motar da ta dace kawai ya rasa. Kwalejojin fasaharmu kuma su duba ƙera ƙaramin akwati mai taya da mota za ta ja a baya, kamar yadda ake yi a Turai, mai birkinsa da fitilarsa, wanda mai walda a Kano ko Funtuwa zai iya yi bisa ma'auni.

Kafin a kai ga wannan, akwai abin da ba ya buƙatar kasafin kuɗi, kuma yana hannun mutanen da ke zaune a gabana. Shugabannin tasha, ku ne kuke ganin mota kafin ta hau titi, ɗan kamasho da izininku yake lodi, kuma maganarku ta fi ta jami'in kan hanya tasiri a wurin direba. Ku kafa ƙa'ida a tashoshinku tun daga kasuwar mako mai zuwa: motar da aka cire wa kujera ta zama ta kaya, ba ta ɗaukar kowa sai direba da mai kaya, motar fasinja ba a cusa mata buhu a bayan wuyan mutane, jarkar fetur ba ta shiga mota ɗaya da ɗan Adam. Ku 'yan kasuwa kuma, idan direba ya ce lodi ya isa, kada ku ce za ku kai wa wani. Ku biya sawu na biyu.