Ruwan Famfo da Masu Shansa a Ƙasar Daura

Maganarmu ta yau a kan ruwan famfo ce, da yadda ya kamata ma'aikatan ruwa su riƙa magana da masu shansa. Za mu ɗauki Daura misali, gama kowane yaro a garin ya tashi da labarin ruwa a kunnensa.

Kun san labarin rijiyar Kusugu. An ce macijin da ke cikinta, wanda ake kira Sarki, ba ya barin kowa ya ja ruwa sai ran Juma'a, har Bayajida ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya roƙi ruwa bai samu ba, ya tafi da dare ya kashe shi. To, ku lura da abu guda. Macijin nan mugu ne, amma mutane sun san ranarsa. Mace ta san ran Juma'a za ta cika randunanta, ta kuma san za ta yi tattalin abin da ta ɗebo har kwana bakwai. Yau kuwa a garuruwanmu da yawa ga famfo har ƙofar gida, amma da wuya ka sami wanda zai gaya maka ran da zai kawo ruwa.

Wannan rashin sani shi ke buɗe wa cuta ƙofa. Uwargida ta jira yau, ta jira gobe, randa ta bushe. Jibi sai ta aiki yaro kududdufi, ko ta saya wurin ɗan ga-ruwan da ba ta san inda ya ɗebo ba. Ta nan amai da gudawa ke shiga gida, watau kwalara. A shekarar 2021 an ƙidaya fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da ita a Nijeriya, fiye da 3,500 suka rasu, Jihar Katsina kuwa tana cikin waɗanda abin ya taɓa.

Saboda haka, kafin Hukumar Ruwa ta buga allo ko ta rarraba riguna masu hoton famfo, shelarta ta fari ita ce ta lokaci: unguwa kaza ran kaza, daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza. In inji ya lalace, ko ba wutar da za a turo ruwa da ita, a faɗa tun da wuri, don mutane su yi tanadi su tafasa abin da suka samu. Hanyar faɗa kuwa ba sai an ƙirƙiro ta ba. Daga fadar Sarki magana takan sauka kan hakimai, ta sauka kan dagatai da masu unguwa, sankira ya zaga da ita. Ga limamai ran Juma'a, ga rediyo, ga wayar hannu. Ran Lahadi kasuwar Mai'aduwa takan tara mutanen Zango da Ɓaure da Sandamu har da na ƙasar Nijar. Magana ɗaya a nan ta fi takarda ɗari a ofis.

Sai maganar warin magani. Mutane da yawa sukan ji ɗan wari a ruwan famfo su ƙi sha, wasu ma su ce an zuba wani abu da gangan. Gaskiya an zuba, kuma da gangan. Ruwan da aka tara a madatsa irin ta Sabke ruwan sama ne da ya wanko ƙasa da kashin dabbobi. A gidan ruwa akan sa masa alam laka ta kwanta, a tace shi cikin yashi, sa'an nan a sa kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta. Ɗan warin nan alama ce maganin yana aiki har ya iso gidanku. Laifin wa ne in ba a bayyana wa mutane ba? A ganina ya kamata a riƙa kai malamai da ungozomomi da 'yan makaranta gidan ruwa su gani da idonsu, gama gani ya kori ji.

Akwai kuma abin da ba kowa ya sani ba. In ruwa ya ɗauke, bututu ya zama wofi, to duk inda ya tsage cikin kwata yakan zuƙo ruwan kwatar ciki. Don haka ruwan da ya fara zubowa bayan ɗaukewa kada a sha. A tara shi don wanki, a bari ya washe tukuna. Kai maigida, in ka ga bututu yana yoyo a lungunku, kada ka ce ruwan gwamnati ne ke zuba. Ta ƙofar da yake fita ta nan ƙazanta za ta shiga gobe.

Game da alama: makiyayi yakan yi wa shanunsa shaida don a san mai su. Haka ya kamata kowane famfon unguwa ya kasance da launi guda da lamba da hoto mai sauƙi, wanda ko marar karatu zai gane, kamar guga a bakin Kusugu. Hoton nan ya kasance a jikin motar ma'aikata, da takardar shaidar mai karɓar kuɗi, da rasidin da zai ba ka. Wanda ya zo karɓar kuɗin ruwa ba shi da ita, kada ka ba shi. 'Yan ga-ruwa ma kada a mai da su abokan gaba, gama su ke shayar da lungunan da bututu bai kai ba. Wanda ke ɗiba a wurin da aka auna ruwansa, yana kuma wanke jarkokinsa, a buga wa kurarsa alamar. Amma fa in aka buga ta a famfon da ya shekara bai ɗiga ba, yara za su mai da ita abin dariya.

Wani zai ce magana kawai za ta hana cuta? Manyanku sun san kurkunu. A ƙidayar 1988 an sami fiye da mutum 650,000 da ita a ƙasar nan. Ba ta da allurar rigakafi, ba ta da ƙwayar sha. Ma'aikatan ƙauye ne suka bi gida gida da ƙyallen tace ruwa, suna hana mai ciwo shiga tafki, har Janar Yakubu Gowon ya shiga yawon. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida an rabu da ita a Nijeriya.

Ke uwargida, naki aikin yana bakin randa. Ki rufe ta, ki ware mata moɗa guda mai mariƙi, kada yara su riƙa tsoma hannu. Ruwan da ba ki san asalinsa ba ki tafasa shi har ya yi ta ɓararraka. In yaro ya fara gudawa, ki dama ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ki riƙa ba shi kaɗan kaɗan kuna kan hanyar asibiti.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan nisan da ya kamata a bari tsakanin rijiya da masai.