JAWABI A WUSE: A Ba Maƙerar Kakuri Kuɗin Aiki

Jama'ar Arewa mazauna Ikko, Badun da Fatakwal, a 1964 aka kafa Hukumar Ƙera Makamai ta Nijeriya, wato DICON, aka gina mata masana'anta a Kakuri, Kaduna. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, aiki ya ja baya, har ta koma yin kujeru. A 2014, ana tsakiyar faɗa da Boko Haram, Amurka ta hana a sayar wa Nijeriya jiragen yaƙi masu saukar ungulu. Zanen aro ba ya rufe katara. Shugaba Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar hukumar a 2023, amma doka kaɗai ba ta hura wutar maƙera. Wajibi ne Gwamnatin Tarayya ta ware kuɗin bincike da ƙira kowace shekara, ta kuma bayyana wa talakawa lissafinsu.