Jawabi ga iyaye: idan yaro ya zo gida da aikin lakwal



Mu ne ma'aikatan sashen kare haƙƙi. Yau maganarmu a kan yara ce da aikin da mushe ke ba su su yi a gida. Iyaye da yawa suna ce mana: "Ni ban ji Faransanci ba, da me zan taimake shi?" Tambaya ce mai kyau, ga amsarmu.

Da fari ku san cewa karatun nan haƙƙin yaranku ne. Yarjejeniyar 1951 ta 'yan gudun hijira, a sashe na 22, ta ce a karatun firamare ɗan gudun hijira daidai yake da ɗan ƙasa. Nan Benin kuma tun 2006 aka soke kuɗin makaranta a firamaren gwamnati. Aji shida ne: CI, CP, CE1, CE2, CM1 da CM2, sannan jarrabawar CEP. Duka da Faransanci ake yi. Yaron da ya fito Gaya ko Dosso ya saba da harshen. Wanda ya fito Kamba ko wani gari na jihar Kebbi da Ingilishi ya faro, zai ɗan sha wuya, wataƙila ma a mai da shi ajin baya. Wannan ba daƙiƙanci ba ne, kada a yi masa gori.

To, me za ku yi a gida? Abu na farko, ku tambaye shi da Hausa, ko Dandanci, ko Fulatanci: "Me mushe ya ce ka yi?" In ya iya mai da maganar cikin harshen gida, ya gane. In ya kasa, ku tura shi wajen yayansa ko ɗan maƙwabta na ajin gaba tun da sauran rana.

Na biyu, yawancin kayan aikin suna gabanku, ba sai an saya ba. In lissafi ne, tsakuwa ko marfin kwalba sun isa. A ɗaure tsinke goma-goma da zare: ɗauri uku da tsinke huɗu, talatin da huɗu ke nan. Uwar da ke ba da canji a kasuwar Malanville ta san lissafi, ta sa yaro ya ƙirga mata: an ba da dala ashirin, an sayi na dala sha biyu, saura nawa? Sai dai a tuna masa cewa a lakwal ba a ƙirga da dala, dala ɗaya sefa 5 ce.

In an ce ya shuka iri ya lura da tsirowarsa, a huda gindin gwangwanin tumatir, a zuba ƙasa, a sa wake uku, a riƙa yayyafa ruwa. Cikin 'yan kwanaki zai tsiro. Kowace safiya yaro ya gwada tsawonsa da tsinke, ya zana abin da ya gani a kaye. Baba manomi ya fi kowa sanin dalilin da ya sa shukar da ke cikin duhu take yin fari ta rame, ya faɗa masa. In taswira ce, a fara zanawa a ƙasa da kara: ga kogin Kwara, ga gada, ga Gaya a ƙetare, ga mu a jihar Alibori. Benin tana iyaka da Nijar, Najeriya, Burkina Faso da Togo.

Na uku, kada ku yi masa aikin, kada yayansa ya rubuta masa. Mushe yana so ya ga inda yaron ya tsaya, kuma ranar CEP shi kaɗai zai zauna.

Yanzu ga abin da ya fi damun mu. Kada a tura yaro talla ko dako a kasuwa ko tasha don ya samo kuɗin kwali ko bik. Kada yara su tafi karatu ƙarƙashin fitilar titi da dare su kaɗai. Gara gida uku ko huɗu su haɗa yaransu wuri ɗaya, fitila ɗaya, babba ɗaya yana zaune, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Ya mace ma a rage mata ɗebo ruwa da wanke-wanke, ta samu ko rabin awa kafin magariba. Kuma ban da duka. Yaron da ya ga tashin hankali a hanya yakan yi mantuwa, yakan firgita, bulala ƙara masa take yi. In aka ce ya zana gidansu sai ya yi shiru ko ya fashe da kuka, ku rarrashe shi, ku sanar da mushe, ku sanar da mu.

Duk wanda ya nemi kuɗi, ko aiki, ko ya kira yarinya ɗakinsa da sunan ƙarin karatu ko ƙarin maki, ku zo mana. Maganar tana tsakaninmu, kuma ba a biyan ko dala.

Masu yara a CM1 da CM2, ana neman takardar haihuwa wajen rajistar CEP. Wanda tasa ta ɓata a hanya ya same mu tun yanzu, kada a jira ƙarshen shekara. Bayan taro muna nan zaune don tambayoyinku.

Allah ya raya mana su, ya mai da kowa gida lafiya.