Jawabi Kan Wuƙar Aljihu a Taron Ƙungiya

Shugaba, iyayenmu malamai, 'yan'uwa maza da mata.

Maganarmu ta yau a kan 'yar wuƙar nan ce mai naɗewa, wadda samarinmu ke yawo da ita a aljihu. Ba mu ce ba ta da amfani ba. Siririya ce, amma a jikinta akwai wuƙa, da ɗan almakashi, da sukundireba, da abin buɗe gwangwani. Tun 1891 ake ƙera wa sojojin Suwizalan irinta. Mu nan kuwa da ita ake tsaga citta, a fere rake, a ɗaure sukurun rediyo.

To amma jama'a, Kafanchan muke zaune. Duk wanda ya ga rikicin Maris 1987, da na 1999, da na bayan zaɓen 2011, ya san yadda ƙaramin abu ke zama babba. In ɗan sanda ya laluba aljihun yaro a hanyar Kagoro ya ciro wuƙa, ai ba zai yi maganar citta ba. Maƙwabcinmu Bajju ko Kaninkon da ya ga an zaro ta ana cikin gardama, ba almakashi zai gani ba.

Saboda haka muna roƙo: a gona da shago, a riƙe ta. Ranar zaɓe, ko taron siyasa, ko gidan kallon ƙwallo, a bar ta a gida. Iyaye, don Allah kada a ba ɗan makaranta.

Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Wassalam.