Kada A Bar Gara Ta Gaji Malamai

Ya ku 'yan'uwa, sau da yawa idan malami ya rasu, magada kan raba gida da gona, su kulle littattafansa a ɗaki har gara ta cinye su, ko su ƙare a hannun mai ƙosai ana ƙunshi da su. Alhali ga ɗalibi can yana zagaya Kasuwar Kurmi a Kano, sabon bugun Misira ya fi ƙarfin aljihunsa.

Tsufan takarda ba ya rage darajar ilmin da ke cikinta. Imamu Gazali, wanda ya rasu shekara ta 505 bayan Hijira, sai da ya karanci maganganun masana falsafa irin su Ibnu Sina, sannan ya yi musu raddi cikin Tahafutul Falasifa. Matashin da shubuha ta dama a jami'a yau yana bukatar irin wannan littafi, ko da ya sha hannu.

Saboda haka, wanda ya gaji littattafai ya karanta su, ko ya sayar da rahusa, ko ya yi waƙafinsu ga makaranta da yardar sauran magada. Allah Ya sa mu dace, amin.