Jawabi Kan Adana Carbin Itace a Ƙasar Damina

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, iyayenmu mata, da sauran 'yan'uwa mazauna Sabo, muna yi muku barka da zuwa.

Abin da ya sa muka nemi a ba mu 'yan mintoci shi ne kukan da 'yan kolinmu ke yi duk shekara. Mutum ya saro carbi daga Kano, ko ya yi tsarabarsa daga Makka, damina na tsayawa sai ya buɗe akwati ya tarar duk ya yi fumfuna, zaren ya ruɓe. Na sayarwa ma da sauƙi, asarar kuɗi ce. Amma akwai wanda carbin mahaifinsa ne, shi kaɗai ya gada, ya tsinke masa a hanyar masallaci 'ya'yan suka gangara kwata.

Tun 1916 aka kafa unguwar nan, amma har yau irin ajiyar gida muke yi wa kayanmu. A Kano ruwan kamar wata huɗu ne. Nan Ibadan kuwa daga wajen Maris har Oktoba ana abu ɗaya, ko ba a yi ruwa ba iskar kanta a jiƙe take. Itace kuma ko an sassaƙe shi bai daina shan laima ba. Ya sha ya kumbura, ya bushe ya tsuke, a haka yake tsagewa. Shi ya sa carbin da ya yi damina a nan, in aka tafi da shi gida ganin dangi cikin hunturu, sai a ga limaminsa ya dare.

To, babban kuskurenmu leda. Muna ƙulle carbi da sarƙar itace a leda wai kada su jiƙe, alhali laimar muka kulle a ciki. A sa su a jakar yadi, a jefa gutsuren gawayi busasshe a akwatin, a riƙa fito da su suna shan iska a inuwa. A inuwa fa, ba a kan kwano da rana tsaka ba.

In fumfuna ta riga ta kama, kada a tsoma a ruwa. A goge da busasshen tsumma, ɗaya bayan ɗaya, sannan a lakaci man kaɗanya kaɗan a murza a tafin hannu a shafa, a sake gogewa. Ban da manja, ban da man gyaɗa; suna yin wari, kuma kyankyaso da ɓera na bin su. Masu fesa wa carbi turaren kwalba su ma su bari, yana cinye ƙyallinsa.

Mu dattawa kuma, a yi mana haƙuri, mu daina alwala da carbi naɗe a hannu. Ruwan cikin hudar yake shiga ya kwanta, zaren ya ci daga nan, ba a gani sai ranar da ya tsinke.

Iyayenmu mata masu sarƙa da awarwaron itace, a cire kafin wanki da girki.

Wanda zarensa ya fara gashi, ya sake shi tun yanzu da zaren nailan irin na masu gyaran takalmi, a riɓa biyu. Kafin a kwance a ƙirga, in 99 ne ko 100 a sani, a kuma yi aikin cikin faranti don kada wani ya ɓace.