Ciwon Kumburin Hanji: Kar Mu Bar 'Yar Uwarmu Ta Ɓoye A Ɗaki

Iyayena, yayyena da ƙannena matan Birchi da sauran mazaɓun Kurfi da Dutsin-Ma,

Yau ba maganar taro ko rabon kaya na zo da ita ba. Maganar wani ciwo ce da ke cin mata a ɓoye, wato ciwon kumburin hanji mai daɗewa, wanda likitoci ke ce wa IBD. Iri biyu ne manya: cutar Crohn da kuma kolaitis mai sa gyambo a babban hanji. Alamominsa su ne gudawa mai yawan dawowa, sau tari da jini ko majina, murɗar ciki, rama, ƙarancin jini da kasala. Ya lafa wata da watanni, ya kuma taso.

A wajenmu, da an ga jini sai a ce basir ne ko atuni, a yi ta jiƙe-jiƙe. Wani lokacin haka ɗin ne. Amma in abu ya ɗauki makonni yana tafiya yana dawowa, don Allah a je asibiti. A fara da Babban Asibitin Kurfi ko na Dutsin-Ma, in ta kama su tura mutum Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Malam Aminu Kano, ko Shika, inda ake leƙa hanji da na'ura. A kuma guji sayen ibuprofen da diclofenac a kemis, suna iya tayar da ciwon.

To, ga inda nake so mu tsaya. Mai wannan lalura ba cikinta kaɗai ke ciwo ba, har zuciyarta. Macen da za ta zaga sau goma a yini, ina ita ina gidan biki? Ina ita ina shiga mota zuwa Katsina? Ta daina zuwa Islamiyya, ƙosan da take soyawa ya tsaya, maigida ya fara ƙorafi, dangi su ce raki ne, wasu su ce sammu. Likitoci sun ce damuwa ba ita ke haddasa ciwon ba, amma tana iya sa shi ya tsananta. Kun ga ke nan habaicinmu ma ƙarin ciwo ne. Kuma ku sani, ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko zama wuri ɗaya.

Ba ciwon talaka ba ne kaɗai. Firaministan Japan Shinzo Abe ya sauka daga mulki a 2020 saboda shi. Kowace ranar 19 ga Mayu duniya na tunawa da masu fama da shi. Nan gida kuma, tun Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Mu dai mu gane cewa ba kowace nakasa ce ake gani da ido ba.

Ga roƙona ga shugabannin mata na kowace mazaɓa. Na ɗaya, in kun lura wata ta ɗauke ƙafa, ku je gidanta ku biyu kawai, ku tambaya a asirce, maganar ta tsaya nan. Na biyu, a ware wani abu daga adashinmu don kuɗin mota da magani, domin maganin ba na sati ɗaya ba ne, kuma ba a yanke shi don an ji sauƙi. Na uku, duk inda za mu yi taro a tabbatar akwai makewayi da ruwa a kusa. Na huɗu, a samu dattijuwa ta yi wa maigida da surukai bayani cikin mutunci.

Ke kuma 'yar uwa da ke fama, ba laifinki ba ne, kar kunya ta kashe ki. Maganar alwala da azumi ki tambayi malamai, addini ya yi wa mara lafiya rangwame. In baƙin ciki ya hana ki barci, ki faɗa wa likita, shi ma ana duba shi.

Ku tura wa sauran 'yan uwa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa kaffara ne. Wassalamu alaikum.